Turken da ya ci ciyawar akuya

Ranar da na fara ganin ƙurar ƙarfen nan ta bi mayen ƙarfe, sai da na kira Baba mai kula da ɗakin gwajinmu ya zo ya taya ni gani, kamar yarinyar da aka ɗinka wa kayan sallah. Ruwa ne baƙi ƙirin a cikin kwalba, sak tawadar allo. Na manna mayen a gefen kwalbar, kafin in ƙirga talatin baƙin ya tattara ya koma gefe guda ya lafe, ruwan ya washe tas har ina hango yatsana ta ɗaya ɓangaren. Baba ya leƙo, ya gyara zaman tabarau, ya ce, "To, ya yi. Sai ki wanke shi sau biyar, warin amoniyan nan ya ishe mu." Ya koma kujerarsa. Shi ya sha ganin irin wannan murnar ta ɗalibai, ya kuma sha ganin yadda take komawa ciki.

Mayen ma ba na saye ba ne. Ƙanena mai gyaran kwamfuta ne ya ɓalle mini shi daga wata matacciyar ma'adanar bayanai, ya naɗe a leda ya ce in yi hankali da yatsuna. Ban ji ba, ya kuwa datse ni.

Aikin digirina na biyu ke nan, ɗaure enzayim a jikin ƙurar ƙarfen nan don maye ya riƙa tsamo shi daga ruwa, kuma duk wanda ya tambaye ni a gida me nake yi, da kunun zaƙin Umma nake fara masa bayani. In Umma ta dama gasara da tafasasshen ruwa ta yi kauri, ba ta zuba niƙaƙƙen dankalin nan take. Sai ta bari ta ɗan huce, ta tsoma yatsa ta ji, sannan ta zuba ta rufe. Da safe kaurin ya saki, kunu ya tsinke ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Abin da ya yi wannan aikin shi muke kira enzayim, kuma na cikin dankalin sunansa amiles: furotin ne da ke daddatse sitaci ya mai da shi sukari. Irinsa ne a cikin yawun bakinmu. Wani daban ne a ganyen gwanda da ake naɗe nama da shi don ya yi laushi, wani kuma a tumfafiyar da matan Fulani ke daskarar da madara da ita. Umma ba ta taɓa jin kalmar ba, amma ta san babban sirrinsa: zafi yana kashe shi. In ka yi gaggawa ka zuba dankali a gasarar da ke tururi, ka yi asarar dankalinka.

Matsalar masana'antu da enzayim biyu ce. Ga shi rago, zafi kaɗan ko tsami kaɗan sai ya warware daga naɗin da yake aiki da shi. Ga shi kuma yana narkewa cikin ruwa kamar gishiri, in ya gama aiki ba ka da hanyar tsamo shi, sai ya bi ruwan ya tafi, gobe ka sake sayen wani. Alhali shi aikin ba ya cinye shi, da za a iya kamo shi da ya sake yi. Daga nan tunanin ya taso: a turke shi a jikin wani abu mai tauri, kamar yadda ake turke akuya. Ta ci ciyawar da ke gabanta, amma da yamma ka san inda za ka same ta.

Tunanin ya tsufa. Tun 1916 wasu masana biyu a Amurka, Nelson da Griffin, suka nuna cewa enzayim mai fasa sukarin rake yana ci gaba da aiki ko da ya manne a jikin gawayi. Aka bar maganar ta kwanta shekaru masu yawa. A 1969 kamfanin Tanabe Seiyaku na Japan ya zama na farko da ya sa turkakken enzayim aiki a masana'anta, wajen tace sinadaran amino. Bayan haka ne aka shiga yin ruwan zaƙin masara da ake zubawa a lemon kwalba a Amurka da wannan dabarar, haka ma sinadarin da ake gina magunguna irin su amfisilin a kansa. Turakun da suke amfani da su duwatsun roba ne ƙanana masu ramuka, da makamantansu, waɗanda ido ke gani.

To me ya kai mu ga ƙura? Fili ne. Nanomita guda shi ne ka raba milimita gida miliyan. Ƙwayar da nake yi ba ta wuce nanomita 10 zuwa 20 ba, enzayim ɗin kansa bai kai goma ba. Na zauna na yi lissafin da kaina don ban yarda da abin da nake karantawa ba: in ƙwayoyin magnetait, wato baƙar ƙurar nan tawa, masu faɗin nanomita 10 ne, giram guda yana da fatar da ta haura murabba'in mita 100. Giram huɗu ke nan sun kusa fuloti mai ƙafa 50 a 100. Cokalin shayi guda na baƙar ƙura, amma filin kafa turaku ya kai na gina gida. Sannan tunda a waje enzayim yake zaune, ba a cikin rami ba, abin da zai ci yana isa gare shi ba tare da dogon zagaye ba. A takarda ke nan. A kwalba kuwa ƙwayoyin suna son cure wa juna kamar ɗanyen gari, kuma duk inda suka cure wannan fulotin ya tsuke.

In za a bi gaskiya, magnetait ba tsantsar ƙarfe ba ne, ɗan uwan tsatsa ne, ƙarfe da ya haɗu da iskar oksijin. Abin da ya sa ake sonsa shi ne in ya yi ƙanƙanta haka, yana bin maye muddin mayen na kusa, da an janye shi kuma sai ya manta, ya sake bajewa cikin ruwa in an girgiza. Hanyar yin sa da na bi ta wani Bafaranshe ce, Massart, ta 1981: gishirin ƙarfe iri biyu, kashi biyu na wannan kashi ɗaya na wancan, a ɗumama, a kwarara amoniya ana juyawa. Ruwan da yake ruwan goro, ƙiftawar ido ya koma baƙi. Ba mu da tukunyar iskar naitirojin da ake korar oksijin da ita, don haka Baba ya koya mini in tafasa ruwan tukuna in rufe shi ruf ya huce. Karon da na yi kasala na tsallake wannan, bayan kwana biyu ƙurar ta fara komawa ruwan ƙasa. Baba bai ce komai ba, ya dai ɗaga kwalbar sama ya duba ya ajiye a gabana.

Enzayim ɗin da na zaɓa sunansa feroksides, kuma na zaɓe shi ne saboda kwatar unguwarmu. Na tashi kusa da marina. Ranar da aka rina shadda shuɗiya kwata shuɗiya take kwana, ranar ja kuwa kamar an yi yanka. Feroksides yana ɗaukar ruwan haidirojin feroksaid, wanda ake wanke ciwo da shi, ya yi amfani da shi ya farfasa ƙwayoyin rini har launin ya gushe. Wanda ake sayarwa a kwalba daga saiwar wani tsiro na ƙasashen sanyi ake fitar da shi, kuɗinsa kuma ba na ɗaliba ba ne. Amma akwai shi jingim a ɓawon waken suya, wannan da masu awara ke murjewa su zuba wa dabbobi. Na je wurin Goggo mai awara a bayan layinmu na ce ta riƙa tara mini. Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, karatun naku har ya kai ga dusa?" Ta cika mini leda, ta ƙi karɓar ko sisi.

Na jiƙa ɓawon, na tace da ƙyalle, na juya a injin wurwura, na ɗiga ruwan cikin sinadarin gwaji mai suna gwayakol. Nan take ya yi ja kamar shayin da ya ji ganye. Bayan mako uku na koma na karɓo wata ledar, na bi duk matakan nan ba kuskure, ruwa ya tsaya fari yana kallona. Kwana huɗu ina zargin sinadarai, ina zargin ruwan famfo, har Baba na fara zargi a zuciyata, Allah ya yafe mini. Ashe iri ne. Waken suya kashi biyu ne ta wannan fuskar, wani irin ɓawonsa cike yake da feroksides, wani kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma gado ne, ido ba ya rarrabewa. Goggo ta canza wanda take auna wake a wurinsa, shi ke nan. Tun daga ranar nake tafiya da 'yar kwalbar gwaji a jaka, in gwada ɓawo a tsakar gidanta kafin in ɗauka. Yaran gidan har layi suke yi su ga ruwa ya canza launi.

Sai ɗaurin kansa, inda duk dabarar take. Mafi sauƙi ka zuba enzayim cikin ƙurar ka bar su su manne da kansu. Ba ya wahalar da enzayim, amma ɗaurin zarge ne, wanki biyu uku ya zame. Na bi hanyar da ta fi ƙarfi: a fara shafe ƙwayar da wani sinadari da ke barin ƙugiyoyin amino a fatarta, sannan a kawo gulutaraldihaid, wanda igiya ce mai baki biyu, baki ɗaya ya kama ƙwayar ɗaya ya kama enzayim. Yana da yaji a ido, yana kuma ɓata fata, kada wanda ya taɓa shi ba safar hannu. In igiyoyin suka kama enzayim ta wurare da dama, sai su riƙe masa naɗinsa, zafin da zai warware shi a sake ya kasa. Daga nan ƙarin juriyar take fitowa. Amma enzayim sai ya motsa yake aiki, yana buɗewa yana rufewa. Ka cika igiya, turke ya koma dabaibayi. Wani kuma a ɗaure shi fuska a ƙasa, bakin da zai ci da shi ya toshe a jikin ƙarfe. Don haka kusan kullum turkakke bai kai sakakke kuzari ba a ranar farko. Ciniki ne, ka ba da wani abu na ƙarfinsa ka karɓi tsawon kwana.

Na gwada a kan wani shuɗin rini na masaƙa, Remazol. Na zuba ƙurar, na ɗiga feroksaid, na girgiza, na manna maye. Shuɗin ya dushe har ya kusa zama ruwan sha. Na zubar, na wanke, na zuba sabon rini, ya sake yi. Har sau takwas. A tsakiyar haka aka ɗauke wuta kwana uku, firij ya zama kabad. Sakakken ruwan ɓawon ya yi tsami ya fara wari, na zubar. Turkakken kuwa na ɗauraye shi ya ci gaba da aiki kamar ba a yi ba. Na jera kwalabe takwas a kan benci na ɗauki hoto, na zana jadawali mai kyau, na nufi ofishin malamina ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ya duba hoton, ya duba jadawalin, ya daɗe. Sannan ya ce, "Madalla. Ina kwalbar da ba ki sa enzayim ba?"

Na ce, "Malam, ai in babu enzayim babu abin da zai faru."

Ya ce, "Haka kika gani, ko haka kike zato?"

Na dawo na auni ƙura tsirara, wadda ba ta taɓa haɗuwa da ɓawon wake ba, na zuba mata rini da feroksaid, na zauna ina jira in tabbatar wa Malam. Shuɗin ya fara dushewa. Bai kai na farko ba, amma ya yi nisan da gwiwata ta yi sanyi. Turke ne ke cin ciyawa, ni kuma ina ta yabon akuya.

Da na koma karatu sai na tarar duniya ta daɗe da sanin wannan, ni ce ban sani ba. A 2007 wasu masana a ƙasar Sin, ƙarƙashin Yan Xiyun, suka wallafa cewa ƙwayoyin magnetait da kansu suna kwaikwayon aikin feroksides, har aka buɗe wani fage guda na bincike a kan haka. Tushen abin ma ya girmi kakannina: tun 1894 Fenton ya nuna cewa ƙarfe da feroksaid in sun haɗu a ruwa mai tsami suna haifar da abin da ke ƙone sinadarai. Ni kuma a ruwa mai ɗan tsami nake aikin, don a nan enzayim ɗin ya fi son wannan rinin, tsamin kuma yana ɗan zagwanyar da ƙarfen. Abin dariyar, shi feroksides ɗin ma ƙwayar ƙarfe ce a tsakiyarsa, irin wadda ke cikin jininmu. Ga kuma ɓarawo na biyu: ƙugiyoyin aminon da na shafa suna jan wannan rinin kamar yadda auduga ke shan shuni. Wani ɓangare na shuɗin ba farfasa shi aka yi ba, ɓuya ya yi a jikin baƙar ƙura inda ido ba ya gani, maye ya ja su tare.

Laifina ne, kuma na san inda na yi shi. Akwai matakin da ake lulluɓe ƙwayar da siririn ɓawon silika, wato gilashi, kafin a sa ƙugiyoyi, hanyar da Stöber ya fitar a 1968. Sinadarin bai iso ba a lokacin, ni kuma ina sauri, na ce ai ado ne kawai. Sai da na jira shi wata biyu, na sake komai daga farko. Yanzu kowane gwaji da 'yan rakiya uku yake tafiya: ƙura ba enzayim, ƙura da enzayim ba feroksaid, da ƙurar da na dafa enzayim ɗinta har ya mutu. Na waken suya ma taurin kai ne da shi, yana jure zafin da zai kashe na dankalin Umma, sai an tafasa shi sosai. Abin da ya rage bayan an cire aikin waɗannan ukun, shi ne na akuyata.

Ya ragu, ba kaɗan ba, amma nawa ne. Kuma sabon jadawalin ya fi tsohon koya mini abu, don yanzu ina ganin gangarowar zagaye bayan zagaye, ina kuma iya bin sawunta. Wani ƙarfin yana tafiya ne a wanki, don duk ƙarfin maye akwai ƙurar da ke bin ruwa, sai da na fara busar da ita ina aunawa na gane yawan abin da nake zubarwa da hannuna. Wani igiya ce ke saki. Wani kuma feroksaid ɗin ne da kansa, in ya yi yawa yana kashe enzayim ɗin da yake ciyarwa, shi ya sa na daina zuba shi gaba ɗaya, sai kaɗan-kaɗan kamar ana ba jinjiri ruwa. Sauran kuma tarkacen rinin da aka farfasa ne ke taruwa su lulluɓe shi.

Abin ya canza yadda nake karanta takardun bincike. Da can in na ga an ce an sake amfani da enzayim sau goma ko ashirin, sai in ji sha'awa. Yanzu tsallakewa nake yi in nemi kwalbar da babu enzayim, in ban gan ta ba in rufe. Kuma ina ganin ya kamata mu masu wannan aikin mu riƙa faɗa a fili cewa takardu sun yi yawa, masana'antun da suka rungumi ƙurar ƙarfe kuwa ƙalilan ne. Har yau turakun roba masu araha ne ke riƙe da kasuwa, irin su Novozym 435 da ake sarrafa mai da kitse da shi. Mayen da ya share kwalbar da ke tafin hannuna ba zai share tankin lita dubu ba, kuma babu mai son ƙurar da ido ba ya gani ta zame ta shiga abinci ko kogi.

Inda ƙarfe ya yi nasara ba gardama shi ne wurin gwaje-gwaje, inda ɗigo ake bukata ba buhu ba. Zinariya ce sarauniya a nan. In aka mai da ita ƙwayoyin nano ja take zama, ba ruwan zinariya ba, abin da Faraday ya bayyana a Landan tun 1857. Sinadarin salfa da ke jikin wasu furotin yana kama ta gam ba sai an nemo igiya ba. Jan layin da ke fitowa a 'yar sandar gwajin zazzaɓin cizon sauro ko na juna biyu, a yawancinsu ƙwayoyin zinariya ne ɗauke da furotin masu gane abin da ake nema. Ba enzayim ba ne waɗannan, amma gidan ɗaya ne. Na taɓa tambayar Malam ko zan gwada zinariya, ya ce in fara tambayar maigidana ko zai sayar da ta lefe.

Makon jiya na ga lokaci ya yi da zan bar rinin kwalba da tataccen ruwa. Na ɗauki jarka na je marinar unguwarmu. Babban marinin, wanda ya san ni tun ina tallar gyaɗar Umma, ya sa yaronsa ya ɗebo mini daga duron da suka gama tsoma shadda. Ya ce, "Hajiya, in maganin naku ya yi, nawa za a kashe wa duro guda?" Na ce masa sai na dawo.

A ɗakin gwaji na tsoma takardar auna tsami, ta tafi can ƙarshen launi, ɓangaren kanwa. Dole, kostik suke rini da shi. Suna kuma zuba hodar da suke kira haidiro, wadda aikinta kishiyar na feroksaid ne, don haka duk abin da na ɗiga ita ta fara lanƙwamewa kafin ya isa ga enzayim. Rinin nasu ma ba dangin Remazol ba ne, irin wanda iska ke mayar da shi gari ne ya kwanta. Na zuba ƙurata mai silika, mai 'yan rakiya uku, wadda na ba wata biyar na rayuwata, na girgiza, na manna maye. Ƙurar ta taru a gefe yadda ta saba. Ruwan ya tsaya yadda yake.

Baba ya zo ya tsaya a kaina, ya shinshina jarkar ya yamutsa fuska. Ya ce in bar ruwan ya sha iska tukuna haidiron ya mutu, abin da zai kwanta ya kwanta, sannan in karya kostik ɗin, in ga me ya rage wa enzayim. Ya buɗe wata tsohuwar durowa ya zaro ɗan famfon iska irin na tankin kifi, ya busa ƙurar da ke kansa, ya jona. Yana aiki. Mun zura robar cikin jarka, mun tura ta ƙarƙashin benci tana ɓulɓuli, na rubuta kwanan wata a jikin leda na manna. Ranar Litinin zan fara da kwalbar da babu enzayim.